Gajiyar Da Kwanciya Ba Ta Maganinta

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai bayar da lafiya, Mai tambaya a kanta ranar gobe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bahaushe yakan gai da ɗan uwansa ya ce "ina gajiya?", a amsa masa da "ba gajiya". Amsa ce ta ladabi, amma da za mu faɗi gaskiya, da yawanmu a yau da gajiya muke kwana, da ita muke tashi. Ma'aikacin da ya wuni a kujerar ofis yakan dawo gida liƙis. Ɗan kasuwar da ya zauna a shago tun hantsi har la'asar sakaliya, yaransa ke ɗauko kaya suna mayarwa, shi ma yana kukan ciwon baya da mutuwar jiki. Ɗalibi ya buɗe littafi, kafin ya kai shafi na uku gyangyaɗi ya sace shi. Uwargida tana sallar Isha'i a zaune, ba don wata cuta da likita ya gano ba, sai don gwiwoyi sun ƙi ba da haɗin kai. Abin lura shi ne, mafi yawan masu wannan kuka ba su riƙe fartanya ba, ba su yi dako ba, ba su tura kurar ruwa ba.

Ra'ayinmu shi ne, kaso mai yawa na wannan gajiya ta zama ce, kuma maganinta shi ne abin da mai ita yake gudu: tafiya, gumi da ɗan haki. Rabin sa'ar da mutum ya ware wa motsa jiki a rana takan dawo masa da riba a karatunsa, a sana'arsa, da kuma tsayuwarsa a gaban Ubangijinsa. Wannan magana likitocin zamani sun tabbatar da ita, malaman Musulunci kuma sun riga su faɗa tun ƙarnoni da suka shuɗe.

Yadda sauƙin rayuwa ya zaunar da mu

Kakanninmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwar tasu gaba ɗaya motsi ce. Manomi yana huɗa da noma da girbi da hannunsa. Fatake suna kora jakuna daga Kano har Gwanja neman goro. Mahajjata suna keta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu su shekara da shekaru kafin su ga Ka'aba. Ɗalibin ilimi yana taka sayyadarsa daga zauren wannan malami zuwa na wancan, wani lokaci daga gari zuwa gari. A cikin gida kuwa, mace tana surfe, tana daka, tana niƙa a dutse, tana jan guga a rijiya. Da dare ya yi, yara maza su fita dandali su yi langa da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa.

Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, famfo da rijiyar burtsatse sun karɓi na guga, babur da a-daidaita-sahu sun karɓi na ƙafa, saƙon da a dā sai an taka an kai, yanzu waya ke isar da shi. Duk wannan ni'ima ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma wahalar dā. Matsalar ita ce, motsin da rayuwa take tilasta mana ya tafi, ba mu kawo komai a madadinsa ba. Malmalar tuwo kuwa ba ta ragu ba, sai ma ƙari da ta samu na lemon kwalba da shayi mai kauri da sukari.

Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan mutane a duniya, wato kimanin biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda lafiyarsu ke buƙata. A cikin mata adadin ya kai kashi 34, a cikin maza kashi 29. A tsakanin matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 kuwa, huɗu cikin kowane biyar ba sa kai mizanin da aka sa musu. Mizanin ma ba wani mai nauyi ba ne: babba ya yi minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ya haɗa da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, yaro kuma ya samu kimanin awa ɗaya kowace rana. Minti 150 a mako, idan aka raba, rabin sa'a ne sau biyar.

Abin da motsi yake yi wa jiki da ƙwaƙwalwa

A shekarar 1953 wani likita a Ingila, Dakta Jeremy Morris, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufuri na birnin Landan su kimanin 31,000. Motocin bas na birnin masu bene ne. Direba yana zaune kusan duk wuni, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala sau da yawa yana yankar tikiti. Mota ɗaya suke, hanya ɗaya suke bi, iska ɗaya suke shaƙa. Amma aka tarar direbobin sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma idan ya zo musu ya fi saurin hallaka su. Ya sake ganin irin haka tsakanin masu raba wasiƙu a ƙafa ko a keke da abokan aikinsu da ke zaune a ofis. Daga nan ne likitancin zamani ya fara ɗaukar yawan zama a matsayin haɗari.

To amma ta yaya aikin da ke sa haki zai ƙara kuzari, alhali a zahiri ƙarfi yake ci? Amsar tana cikin yadda Allah Ya tsara jiki. Zuciya tsoka ce. Idan ta saba da aiki takan tura jini mai yawa a bugu guda, ba ta buƙatar yawan bugawa kafin ta isar da shi ko'ina. A cikin ƙwayoyin halittar tsoka kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa da za a iya kamanta su da murhu, a cikinsu ake ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa a samar da ƙarfi. Tsokar da ake sa ta aiki takan ƙara yawansu, wadda aka yi watsi da ita takan rage. Misalin abin kamar 'yan kasuwa biyu ne, ɗaya jarinsa dubu goma, ɗaya dubu ɗari. Idan kowannensu ya kashe dubu takwas a rana, na farko ya durƙushe, na biyu bai ma ji ba. Hawan bene, ɗaukar yaro, tsayuwar tarawihi, zirga-zirgar kasuwa, kuɗinsu ɗaya ne ga kowa. Jarin ne ya bambanta. Motsa jiki jarin yake ƙarawa.

An gwada wannan kai tsaye. A shekarar 2008 masu bincike a Jami'ar Jojiya ta Amurka suka tara matasa 36 da ba sa motsa jiki, kuma kullum suna kukan gajiya ba tare da an gano musu wata cuta ba. Wasu aka sa su tuƙa keken motsa jiki na minti 20, sau uku a mako, har mako shida. Wasu aka bar su yadda suke. Waɗanda suka motsa, kuzarinsu ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Waɗanda aka ba motsi mafi sauƙi, mai kama da tafiyar shan iska, su ne gajiyarsu ta fi raguwa, da kusan kashi 65. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, amma wasu bincike masu yawa sun zo da irin wannan sakamako.

Ga ɗalibai kuwa, abin da ya shafi ƙwaƙwalwa ya fi jan hankali. A shekarar 2011 an buga sakamakon wani gwaji a Amurka a kan dattawa 120. Rabinsu aka sa su tafiyar ƙafa ta kimanin minti 40 sau uku a mako na tsawon shekara. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, sai aka ga sashen da ke kula da adana sabon abin da aka koya ya ƙaru da kimanin kashi biyu cikin ɗari, alhali a shekarun tsufa raguwa yake yi. A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka ga cewa mutane sun fi samar da sababbin dabaru, da kimanin kashi 60, lokacin da suke tafiya a kan lokacin da suke zaune. Ƙari a kan haka, mai motsa jiki ya fi saurin samun barci, barcinsa kuma ya fi nauyi, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka haddace da rana. Mai hadda da ke tilawa yana kai da komo a tsakar gida bai yi kuskure ba.

Akwai kuma cututtukan da ke cinye dukiyar gida a hankali. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini. Wani babban gwaji a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, idan suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako suka kuma rage ƙiba kaɗan, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali waɗanda aka ba magani kawai nasu ya ragu da kashi 31. Duk gidan da ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, ko ya biya kuɗin wankin ƙoda, ya san cewa rigakafi ya fi magani ba karin magana kaɗai ba ne.

Magabatanmu ba masu zaman dirshan ba ne

Wani zai ɗauka wannan duk al'adar Turawa ce. Tarihin Manzon Allah (SAW) bai goyi bayansa ba. Littattafan shama'il sun siffanta tafiyarsa da cewa mai ƙarfi ce, ba ta jan ƙafa ba, har sahabbai sukan sha wahala kafin su cim masa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa yakan ziyarci masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci a ƙafa, tazarar kuwa ta haura kilomita uku. Ya shirya sukuwar dawakai a Madina, ya ware wa waɗanda aka horar zango mai nisa, waɗanda ba a horar ba zango gajere. Ya ƙarfafa koyon harbin kibiya. Ya yi wa Salamatu ɗan Akwa'u (RA) izinin tseren gudu da wani mutumin Madina a hanyarsu ta dawowa daga yaƙi. Da Habashawa suka yi wasan masu a cikin masallacinsa, Sayyidina Umar (RA) ya so ya hana su, shi kuwa ya ce a ƙyale su. Lokacin da ƙabilar Banu Salima suka yi niyyar tasowa su dawo kusa da masallaci, ya umarce su da su zauna inda suke, domin ana rubuta musu ladan takunsu.

Sau da yawa masu wa'azi kan kawo hadisin Muslim da ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da tabbatar da alheri ga kowannensu. Adalci ne mu faɗa cewa Imam Nawawi, a sharhinsa, ya fassara ƙarfin da azamar zuciya a kan al'amuran lahira, don haka bai dace a mayar da hadisin tallan ɗaga ƙarfe ba. Sai dai azama tana buƙatar abin hawa, abin hawanta kuwa jiki ne. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA) ya so ya yi azumi kullum ya kuma raya dare gaba ɗaya, Annabi (SAW) ya hana shi, ya tunatar da shi cewa jikinsa ma yana da haƙƙi a kansa. Da tsufa ya cim masa, ya yi fatan da ya karɓi sauƙin. Idan ba a yarda a karya jiki da yawan ibada ba, ina ga karya shi da yawan zama? Kuma ba banza ba Manzon Allah (SAW) yake yawan neman tsari daga gazawa da kasala, ya kuma lissafa lafiya da sararin lokaci a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a kansu.

Malamai sun ɗora a kan haka. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 428 bayan Hijira, ya sa motsa jiki a gaban abinci da barci cikin tsarin kiyaye lafiya a littafinsa Al-Ƙanun. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya yi bayanin cewa motsi yana narkar da abin da ya taru a jiki, yana sa jiki sauƙi da nishaɗi, yana ƙarfafa gaɓoɓi, ya kuma ce matsakaicinsa shi ne wanda jiki zai ɗumama ya fara gumi, ba wanda zai kai ga galabaita ba, lokacinsa kuma bayan abinci ya narke. Badruddin Ibnu Jama'a, a littafin da ya rubuta kan ladubban malami da ɗalibi, ya shawarci mai neman ilimi da ya riƙa tafiyar ƙafa domin tana wartsake jiki. Imam Gazali kuwa, a babin tarbiyyar yara cikin Ihya'u, ya so a saba wa yaro da tafiya da motsi a wani ɓangare na yini don kada kasala ta rinjaye shi, ya kuma yi gargaɗin cewa hana yaro wasa da matsa masa karatu kullum yana dusashe basirarsa, har ya fara neman hanyar gudu daga karatun baki ɗaya.

Uzurorin da muke kawowa

Na farko shi ne rashin lokaci. Amma matashin da ya ce ba shi da rabin sa'a, shi ne zai zauna a gidan kallo minti 90 yana kallon wasu suna gudu a Ingila ko Sifaniya, ya fito ya ƙara awa guda yana musu a kai. Magidancin da ya ce aiki ya yi masa yawa, ya duba awa nawa wayarsa take ci a rana. Kuma rabin sa'ar ba ɓata take yi ba: wanda ya yi barci mai kyau ya tashi da kai wasai yakan gama cikin awa biyu aikin da mai gyangyaɗi zai wuni a kansa.

Na biyu shi ne cewa ai salla ta wadatar. Babu shakka ruku'u da sujada suna amfanar gaɓoɓi, amma salla ibada ce da aka gina a kan natsuwa, ba a shar'anta ta don a yi haki ba, kuma rage mata daraja ne a mayar da ita atisaye. Wanda ya fi mu salla nesa ba kusa ba, ya yi tsere, ya yi tafiya, ya hau doki.

Na uku shi ne kunya. Akwai masu ganin zubar da girma ne a ga dattijo ko malami ko mai sarauta yana tafiya da sauri a bakin titi, kada a ce motarsa ta lalace ko arziki ya karye. Mun mayar da tumbi alamar wadata, jan ƙafa kuma alamar dattaku. Wannan al'ada ce da ba ta da tushe a addini, kuma tsadarta tana bayyana a ƙasa mai tsarki. Mutum ya shekara goma yana tara kuɗin kujerar Makka, ya isa can ya tarar da ɗawafi zagaye bakwai cikin cunkoso, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa na kusan kilomita uku, ga tafiyar jifan Shaiɗan kwana bayan kwana a cikin zafi. Wanda ya yi shekaru bai taka kilomita ɗaya ba, nan zai gane kurensa. Maniyyaci ya kamata ya fara tafiyar ƙafa watanni kafin tashi, kamar yadda yake zuwa bitar aikin Hajji.

Na huɗu shi ne neman kuzari a kwalba. Ɗalibai lokacin jarrabawa sukan dogara da kofi da lemon ƙarin kuzari, wasu matasa kuma, abin takaici, har da ƙwayoyi irin su tiramol. Sinadarin da ke cikin kofi da goro da shayi toshe saƙon gajiya kawai yake yi na ɗan lokaci, gajiyar tana nan tana jira. Bashi ne ake ci daga barcin dare, a biya shi washegari da kuɗin ruwa. Ƙwaya kuwa haramun ce ga wanda likita bai rubuta wa ba, kuma ta rusa gidaje da yawa.

Ba mu manta ba cewa akwai wanda wannan kira bai shafa ba. Manomi da ɗan dako da birkila da mai ga-ruwa, hutu da abinci mai gina jiki suke buƙata. Akwai gidajen da gajiyarsu ta yunwa ce, waɗannan haƙƙinsu a kanmu ciyarwa ne. Akwai kuma gajiyar da alama ce ta cuta, kamar ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga ko ciwon damuwa. Wanda gajiyarsa ta daɗe, ko ta zo da rama, jiri ko ciwon ƙirji, asibiti zai fara zuwa.

Haƙƙin mata da yara

Wannan ne wurin da nauyi ya fi hawa kan magidanta. Namiji ko ba komai yana fita masallaci sau biyar, yana zuwa kasuwa. Matar da ke cikin gida, musamman a sababbin gine-ginen da aka cinye tsakar gida da ɗakuna, tana iya yin mako ba ta yi takun da zai sa ta gumi ba, sannan a yi mamakin ciwon gwiwa da hawan jini tun tana 'yar shekara arba'in. Abu Dawuda da Ahmad sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) har sau biyu a halin tafiya. Na farko ta tsere masa, na biyu bayan ta yi jiki ya tsere mata. Kafin tseren sai da ya sa sahabbai suka yi gaba. Darasin a fili yake: bai hana ta motsi saboda sutura ba, ya samar mata wurin da za ta motsa cikin sutura. Maigida zai iya yin irin haka. Ya bar fili a tsakar gida idan yana gini, ya sayo igiyar tsalle, ya fita da iyalinsa tafiya bayan Asuba ko da yamma cikin hijabinsu, ya daina yi wa mai ƙoƙari dariya. Makarantun Islamiyya na matan aure ma za su iya ware minti 20 a farfajiyarsu, mata zalla, kafin a shiga aji. Mai juna biyu ma likitoci suna ƙarfafa mata tafiya, matuƙar ba a gano mata wata matsala a wurin awo ba.

Yaranmu kuwa, a birane da yawa yaro yana fita boko da sassafe, ya dawo ya wuce darasin ƙari, daga nan Islamiyya har magariba, wani ma da makarantar dare. Da yawan makarantun kuɗi a gidajen haya suke, babu filin da yaro zai yi gudu. Idan ya samu sarari a gida, waya ce a hannunsa. Sannan mu yi ta dukansa don ya kasa riƙe hadda. Gargaɗin Imam Gazali kamar da mu yake. Masu makarantu su sa lokacin wasa a jadawali su kuma kiyaye shi kamar yadda suke kiyaye lokacin tajwidi. Iyaye idan za su zaɓi makaranta su tambayi inda yara ke wasa. Kwamitocin masallatai da masu unguwanni su tsaya kai da fata wajen kare filayen unguwa daga masu yanka su shaguna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ina za a fara?

Ba a buƙatar kuɗin shiga gidan motsa jiki, ba a buƙatar kaya na musamman in ban da takalmi mai daɗin tafiya. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa duk mako, domin sannu ba ta hana zuwa. Ma'aunin tafiyar da ake so mai sauƙi ne: kana iya magana da abokin tafiyarka, amma ba za ka iya rera karatu da dogon numfashi ba. Wanda masallacinsa ke da tazarar minti biyar, idan ya ajiye babur, zuwa da dawowa sau biyar minti 50 ne a rana. Sunna ita ce a tafi salla cikin natsuwa ba da gaggawa ba, don haka a bar saurin sai a dawowa, ko a zaga ta hanya mai nisa. Ɗalibi ya miƙe bayan kowace awa ta karatu ya taka na minti biyar. Mai shago ya riƙa ɗauko wasu kayan da kansa. A lokacin zafi a zaɓi sanyin safiya a kuma sha ruwa. A watan Ramadan a sassauta, a yi dab da buɗa-baki ko bayan tarawihi. Mai ciwon zuciya, hawan jini mai tsanani, ciwon suga ko sikila ya nemi shawarar likitansa kafin ya fara.

Iyakokin shari'a kuma sanannu ne: a rufe al'aura, a guji cakuɗuwar da ba ta dace ba, kada a sa caca, kada wasa ya ci lokacin salla. Ƙwallon da aka fara bayan la'asar a tashe ta kafin kiran magariba. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya kuma yi niyyar samun ƙarfin ibada da neman halal da hidimar iyali, muna kyautata zaton takunsa ba zai tafi a banza ba a wurin Allah, domin kyakkyawar niyya tana mayar da al'ada ibada.

Muna kira ga limamai da su sa wannan batu a huɗubobinsu, ga magidanta da su fara da kansu kafin su umarci iyali, ga ɗalibai kuma da su gwada na mako shida su ga bambanci a karatunsu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu daga gazawa da kasala, Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye. Amin.